Kwamfuta Mai Mutuwa da Safe

Da ƙyar Injiniya ya yarda a ɗora kwalin a kan teburinsa, don a ganinsa bai kai shekarun da za a riƙa kawo masa abin wasa ba. Amma da babbar ’yarsa ta ɓare salatif ya leƙa ciki, sai ya gyara zama. Tsohuwar kwamfuta ce, irin wadda komai nata yake cikin allon madannai, launinta ya koma na tsohon haƙori. A talabijin ake jona ta, da kaset ake ɗura mata aiki. Hoto ɗaya na wayar hannu ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwarta.

Shekara da shekaru yana gyaran rediyo da talabijin, yana hawa rufin mutane kafa eriya, har ranar da jiri ya kwashe shi daga kan tsani. Likita ya ce zuciya ce. Aka rufe shagon, makulli ya koma jakar ’yar, shi kuma ya koma neman rigima da kowa a gida. Shagonsa yake so, ba ya ɓoyewa.

“Baba, ga sharaɗi,” in ji ’yar. “Ka tashe ta. In ta kwana ta wuni tana aiki, da hannuna zan ba ka makullin.”

Ya yi dariya har da tari. Shi da ya tashi talabijin ɗin da ruwa ya ci?

Kafin yamma ya kwance ta, ya busa ƙura, ya liƙe wata waya da dalma, ya jona. Allon ya kawo shuɗi, ɗan farin murabba’i ya hau kiftawa. Da ya sa kaset sai ta ɓarke da wani kuka kamar an taka mage, shi ko a kunnensa ya fi kiɗa daɗi.

To, Injiniya yana da hali guda: ba ya iya gyara shiru. A shago sai ya tara masu koyo yana nuna musu da bakin sukudireba, wannan kaza ne, in ka taɓa wancan ka gama da na’ura. Yanzu da babu su, matarsa, maman yara, ce ta ja kujera. Tun aurensu ba ta taɓa tambayarsa bambancin fis da batir ba, amma ga ta da tabarau a hanci tana cewa, “Wanne ke nan, Injiniya? Sake nuna min.” Abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ashe mace takan waye ko da a makare.

Da safe ya fita tattakin da likita ya ɗora masa, ita kuma ta shiga share ɗakin kamar kullum. Ya dawo ya danna maɓalli. Shiru.

Wayar wuta ce ta saki a ciki. Ya mayar, ya yi bayani. Washegari hoto ya zo yana rawa, ya gano ɗan dunƙulen da ake murɗawa ya goce, ya saita, ya yi bayani. Sai kaset ya daina shiga, wani ƙaramin noti a kan rikodar da ke juya kaset ɗin ya juya. Haka suka yi ta yi. Ya san ta ciki da waje, ya san harafin da ke maƙalewa da kusurwar da ke ɗaukar zafi, har yana yi mata magana kamar mutum. Kullum da lafiyarta take kwana, safiya ce dai ba ta yi da ita.

Tun yana zagin kamfanin da ya ƙera ta, har ya koma zargin kansa. Ya ɗaure notin nan jiya ko bai ɗaure ba? Sukudirebar da ya rantse a dama ya ajiye, me ya kai ta hagu? A ranar tsoro ya shige shi, irin wanda bai ji ba ko da yake kwance a ƙarƙashin tsani.

Matsalar ƙarshe ita ta karya shi. Allon ya kawo baƙi ƙirin. Ya auna duk abin da ake aunawa, ya bi hanyoyin wuta ɗaya bayan ɗaya, bai ga komai ba. Bai ƙara bayani ba. Maman yara ta kawo shayi ya huce a gabansa, ta tsaya tana kallon ƙeyarsa da ta cika da furfura, idonta ya kawo ruwa.

Shi da kansa ya kira ’yar. “Ki ba wa mai askin nan da ke neman haya shagon,” ya ce. “Kaina ya daina riƙe abu. Wanda ya kasa wannan bai da abin yi a kan rufin mutane.”

Mai aski bai yi wasa ba. Kafin mako ya zagayo ya shafa fenti, ya kafa madubai, an sauke allon da ke ɗauke da sunan Injiniya. Ya wuce ta wajen a tattakinsa na safe, ya ɗaga hannu aka gaisa, ya dawo gida a sanyaye.

Don sabo kawai ya danna maɓallin. Allon ya kawo shuɗi tar, ɗan murabba’in yana kiftawa kamar bai taɓa laifi ba. Kaset ya shiga, haruffa duk suka amsa. Ta wuni, ta kwana, ta sake wuni.

“Maman yara! Zo ki ga ikon Allah! Sai da aka gama sannan ta ga damar tashi!”

“Kai, barka, Injiniya!” ta amsa daga kicin, kuma har zuciyarta take murnar, don wannan ne karon farko da ta mayar da duk abin da ta kwance a ɓoye lokacin shara ba tare da ta nemi ya sake nuna mata ba.