Farar Kyanwa a Takarda Mai Laushi

Mai zane ya ɗiga farin alli a idon kyanwar, ya ja da baya ya duba. Ta yi kyau. Shi dai bai ji komai ba.

Shekara goma sha biyu ke nan yana zana dabbobin mutane da allin kala, kuma ba a tunawa da shi sai dabba ta mutu. Ya haddace ta'aziyyar har yakan yi ta yana fiƙe alli. Zuciyarsa ta yi kanta tuntuni.

Hoton da yake dubawa yana wannan zanen, wata dattijuwa ce ta kawo shi a naɗe cikin hankici. Ruwa ya taɓa shi, sai koɗewa yake yi. Farar kyanwa ce a kan kujera, ga labule, ga kofi, ga hannun wani da agogo kwance a bayanta.

"Yadda yake ɗin nan nake so, ɗana," in ji ta. "Kafin ya ƙarasa koɗewa. Shi kaɗai gare ni."

Kowa haka yake cewa. Shi kuwa ya san aikinsa: dabba ake son gani, ba tarkacen ɗaki ba.

Takardar da yake aiki a kai laushi gare ta kamar karammiski. Tana cafke garin alli ta riƙe gam, ba ta san gogewa ba, abin da ka sa ya zauna ke nan. Kwana huɗu yana jera gashin kyanwar sili-sili. A na biyar ya ɗauki baƙin alli ya bi bayanta, ya shafe wurin labule da kofi da hannu, duk ya zama baƙi wuluk. Farin ya fito tas.

Da dattijuwar ta dawo, ya jingina zanen a bango. Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba, ba ta yaba ba. Ta matso, ta kai yatsa kusa da baƙin da ke bayan kyanwar, ta tsaya.

"Mama, kar ki taɓa, zai ɓata miki hannu," in ji shi. Sannan ya ƙara da ta'aziyyar da ya saba. "Sai haƙuri. Yaushe ta mutu?"

"Wa? Kyanwar?" Ta juyo a hankali. "Tana gida tana barci. Mai hannun muka binne."