Tsagar da Na Goge

Har yanzu ina tuna ranar da Mudassiru ya kai ni garin Lolo, gaban kakarsa Dela, don ta amince da aurenmu. Makauniya ce, da yatsu take gane mutane. Ita ta riƙe ni ina jaririya wanzami ya yi mini tsagar gidanmu. Da na gama digiri, na tsallaka zuwa ƙasar Benin aka goge tsagar da na'ura, aka cike mini kumatu da allura.

Na durƙusa. Yatsunta masu sanyi suka bi fuskata sau biyu, suka tsaya.

"Mudassiru, wa ka kawo mini?"

"Munawwara ce, Kaka."

"Munawwara na da tsaga uku a nan. Wannan fuska ba kowa a cikinta." Ta shafe hannunta a zani. "Je ka nemo wadda na sani, in sa muku albarka."

"Ni ce, Kaka," na ce, muryata kamar ta wata.

Na juya ga Mudassiru, ina jira ya sake faɗin sunana. Ya daɗe yana kallon kumatuna, sannan ya ɗan matsa baya.