Mayyar da Ya Rubuta

Ƙazafi ya yi wa baiwar Allah, kuma yana sane. Marubucin labaran ban tsoro ne a Anka. Da masu karanta shi a waya suka gaji da aljanunsa na banza, sai ya tuna da wata mai ƙosai a Bagega wadda gubar dalma ta kashe wa 'ya'ya uku. Ya mayar da ita mayya mai cin 'ya'yanta. Bai kama suna ba, amma ya sa tabon ƙunar da ke hannunta. Cikin mako biyu babu mai sayen ƙosanta.

Da damina zazzaɓi ya kayar da shi. Innarsa, wadda ake karanta wa labarin duk fitowa, ta sa aka ɗauko shi aka shimfiɗe a ƙofar gidan matar.

"Tsallake shi, ki saki kurwar ɗana!" in ji Inna.

Matar ta ce, "In na tsallake shi na amsa ke nan. Ku kai shi asibiti, Inna. Can anka gaya min abin da ya kashe nawa."

Ya ɗaga kai da ƙyar ya ce, "Inna, wallahi ƙarya ce, ni na ƙirƙira."

Inna ta juya ga jama'a. "Kun ji ko? Har bakinai ta kama. Asibiti ba ya maganin kamun maye, shi da kainai ya rubuta."

Aka mayar da shi gida, aka yi ta hayaƙi da tofi. Ranar Alhamis aka binne shi.