Makullin Hajiya Uwale

Tun da aka kafa dokar Kunne, duk saƙon ɗan kasuwa sai hukumar Kunne ta saurara kafin ya isa. Ta haka sirrin turaren maƙwabciyar Hajiya Uwale ya ƙare a kwalaben wani babban kamfani. Kafin haɗin da ta gada wajen mahaifiyarta ya bi sahu, Uwale ta kira Ɗanjuma mai haɗa na'ura ya shirya mata keɓaɓɓiyar hanya tsakanin shagonta da rassanta na Zariya da Maraɗi.

Ɗanjuma ya ajiye wani siririn awarwaro kusa da kaskon turare.

"Hanya ba wuya, Hajiya, doka ma ta yarda. Sai dai makullin, wato wannan awarwaro, a hannun mutum yake zama. Da zarar ya fita daga shago, hanyar ta buɗe, Kunne ta kwashe komai."

"A ɗaura wa mai gadi mana."

"Sai mai shago."

Ta yi dariya. "Kai Ɗanjuma, ni da ba a biki ba ni? In rasuwa aka yi fa?"

Shi bai yi dariya ba. "Alhajin da na haɗa wa bara, ko jana'izar ƙaninsa bai je ba, ta waya aka ba shi labari."

Uwale ta daɗe tana kallon titi. Sannan ta miƙa hannu.

"Ɗaura. Amma gobe ka turo min magini, ɗakin baya da zan koma zama ba shi da taga."