Manomin da Ya Kai wa Maƙwabcinsa Shara

Tanimu maigidana, labari ya iso ni cewa tun da ɗan kawunka ya buɗe shagon ɗinki kusa da naka ba ka da wata hira sai tasa. Duk wanda ya kawo maka yadi sai ka tsare shi da cewa wancan bai iya wuyan riga ba, bai iya aljihu ba. Ba faɗa zan yi maka ba, ka yi gemu, ka wuce faɗa. Misali zan ba ka, ka juya shi a ranka.

An yi wasu manoma biyu masu noman kabewa a bakin fadama, ɗan rafi ne ya raba gonakinsu. Kowannensu yana da amya, wato ɗakin ƙudan zuma, ɗaure a kan ɗorawar gonarsa. Na farko ƙaƙƙarfa ne, ma'aikaci na gaske, wannan ba zan rage masa ba. Gonarsa fes take kamar tsakar gidan amarya, ko tsinken ciyawa ba ya bari, har kan iyaka, har gindin itace. Na biyu dattijo ne mai ciwon ƙugu. Yakan nome tsakiyar gona, gefe kuwa ya bar wa gasaya da ɗaɗɗoya da yaɗiya da tafasa su yi ta furensu. Masu wucewa suna ce masa rago, shi dai sai ya yi murmushi. Amma duk kaka kabewarsa sai an yi mata jigila, amyarsa kuwa sai mutum biyu sun kama kafin a sauke. Abin nan ya tsaya wa ƙaƙƙarfan a maƙogwaro. Shi ne mai fita tun asuba, wancan sai hantsi ya dubi ludayi, to don me? Da ya tsallaka rafin ya tambaya, da an gaya masa, amma mai baƙin ciki ba ya tambaya. Sai ya ƙudura a ransa cewa tun da tsohon nan yana son ciyawa, zai ba shi wadda za ta shaƙe masa gona.

Da lokacin sharar gona ya zo, kowa yana tara busasshiyar ciyawa yana cinna mata wuta, shi bai ƙona tasa ba. Ya bi gefen hanya da saurar da ke bayan gonarsa ya sassabe komai ƙarƙaf, da 'ya'yanta da komai, ya cika mangala. Ranar kasuwa, da daji ya yi tsit, ya kora jakinsa ya tsallaka rafi ya jibge a gefen gonar dattijon. Sawu bakwai ya yi, gumi har cikin ido. Washegari dattijon ya zo ya ga tuli, ya ga sawun jaki, ya kuma san jakin. Ya ɗauki manjagara ya baje ciyawar a kan iyaka. Ruwa ya sauka. Ta ƙasa ta ruɓe ta gangara cikin kunyoyin gona ta zama taki, 'ya'yan kuma suka tsiro suka yi fure, fari da rawaya da shuɗi, ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi suna ta kai da kawowa tun daga fitowar rana.

A ɗaya gefen rafin kuwa, furen ɗorawa ya daɗe da ƙarewa, kabewa ba ta kai ga fure ba, tsakanin nan da can babu abin da zuma za ta tsotsa. Ita kuma zuma ba tsabtar gona take ci ba. Wata rana da hantsi ƙaƙƙarfan yana tsaye sai ya ga ta taso daga amyarsa kamar hayaƙi, ta nufi rafi. Ya bi ta da gudu yana watsa mata ƙasa, ina! A kan idonsa ta shige wata sabuwar amya da dattijon ya ɗaura. Zuma ba akuya ba ce balle a nuna shaida a kunne, amyar da ta shiga, mai amyar ne mai ita. Daga baya kabewarsa ta yi yaɗo, ta yi fure gwanin sha'awa, amma mai ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan ya yi ƙaura. 'Ya'yan su fito kamar ƙwan zabuwa, su yi rawaya, su faɗi. Abin da ya tsira bai cika mangalar nan ɗaya ba. Da kaka ta yi, dattijon ya tsallako da goran zuma da kabewa biyu, ya ajiye masa a gindin ɗorawa, suka gaisa, sannan ya ce, "Malam, in ka tashi shara baɗi, don Allah kada ka ƙona. Jakinka ya riga ya san hanya."

To Tanimu, kai ma mangala kake ɗauka. Duk wanda ka tsare da zancen ɗan kawunka, yana fita daga wajenka zai leƙa ya ga wane ne wannan da ya hana ka sakat. Ɗinkin mutane kuma yana nan jibge a kan kekenka yana jiran ka gama surutu. Ina son ka, shi ya sa ban sa maka zuma a maganar ba. Koma kan kekenka tun taka zumar ba ta tashi ba. Ba banza ba Hausawa suka ce hassada ga mai rabo taki ce.