Ta'aziyyar da Ta Riga Mutuwa

Tun da Baƙin Sama suka fara ratso zamunna da duniyoyi, kowa a Gumel ya san halinsu. Sun iya aron fuskar mutane, sun iya gaisuwa, amma ba sa bambance jiya da gobe. Shi ya sa Tasalla ba ta yarda da kowace sallama.

Da hantsi tana tankaɗe, sai ga maƙwabciyarta Kande ta shigo. Kande mai surutu, yau ko kallonta ba ta yi ba. Ta wuce wurin Mati, mijin Tasalla, yana gyaran keke, ta durƙusa.

"Malam Mati, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Tasalla. Mutuniyar kirki ce."

Rariya ta suɓuce wa Tasalla. "Ke! Ga ni nan da raina!"

Baƙuwar da ta ari fuskar Kande ta waiwayo, ta dube ta da tausayi. "Af, ashe na yi sammako." Ta fice.

"Wata duniyar take nufi, ba tamu ba," in ji Mati.

Tasalla ta leƙa waje. Maza na shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanta, kuma duk ta san fuskokinsu.