Muryar da Aka Goge

Maikasuwa ya dangwarar da memorin waya a teburin Nicodemus, mai tura wa'azi a kasuwar Kazaure, yana masa kallon tuhuma.

"Wa ya sa ka ɗauki muryata? Ana tsakiyar wa'azi sai ga ni ina faɗin yadda na matsar da iyakar gonar yayana."

"Alhaji, ba ni ba ne. Ina cikin turawa aka ɗauke wuta, wa'azin bai cike gurbinsa ba. Abin da ka ji tsohuwar murya ce da aka goge, sai ta fito. Tambayi mai memorin."

Maikasuwa ya ɗauki memorin daga teburin. Wurin yayan nasa ya aro shi, mutumin da shekara biyu ke nan bai taɓa tayar da maganar gonar ba.